Sama wa Tsintattun Kyanwoyi Gida na Dindindin: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗauko 'yar kyanwa daga bakin kwata ko daga kan juji aikin mintuna kaɗan ne, amma samo mata gidan da za ta zauna har ƙarshen rayuwarta yakan ci makonni, wani lokaci ma watanni. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu wannan aiki suka fi cin karo da su, tun daga ranar tsintuwa har zuwa bayan an miƙa kyanwar ga sabon mai ita.

Na ga 'ya'yan kyanwa a bayan gida babu uwarsu. In kwashe su nan take?

A'a, sai dai idan suna cikin haɗari a fili, kamar ruwan sama na dukansu, ko tururuwa ta yanyame su, ko kuma akwai karnuka a kusa. Uwar kyanwa takan bar 'ya'yanta na sa'o'i ta tafi neman abinci, kuma idan za ta sauya musu maɓoya ɗaya bayan ɗaya take ɗaukarsu a baki, saboda haka wanda ya tarar da biyu ko uku a kwance yana iya zama ya iske ta ne a tsakiyar ƙaura. Abin da ya dace shi ne a barbaɗa toka ko gari a kewayen wurin, a ja da baya sosai, a dawo bayan sa'o'i 3 ko 4 a duba ko akwai sawunta. Idan jikinsu da ɗumi, cikinsu a cike, suna barci a cure wuri guda, to uwar tana nan. Waɗanda aka samu a cikin kwali ko a ƙulle cikin buhu a bakin kasuwa kuwa babu abin jira, domin mutum ne ya kai su can.

Ana iya kintatar shekarunsu da ido. Idanunsu kan buɗe tsakanin kwana 7 zuwa 10, sukan fara tafiya da tangaɗi a wajen mako 3, a mako 4 kuma su fara lasar abinci daga faranti.

Idan ta tabbata marayu ne, me ake ba su?

Ɗumi ne farko, kafin abinci. Jaririyar kyanwa ba ta iya riƙe zafin jikinta da kanta sai ta kai wajen mako 3 zuwa 4, kuma idan aka ɗura mata madara jikinta yana sanyi cikinta ba zai narkar da ita ba. A zuba ruwan ɗumi a gora, a naɗe ta da tsumma, a ajiye a gefen kwalin, musamman a lokacin hunturu.

Madarar shanu, ta gwangwani ce ko ta gari, tana sa su zawo, kuma zawo na kashe ɗan kyanwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai madarar da aka haɗa domin su, ana samunta a shagunan magungunan dabbobi na manyan birane; inda babu, nonon akuya da aka tafasa ya huce zai iya riƙe su na ɗan lokaci kafin a samo. Ana ba su kowane sa'o'i 2 zuwa 3, dare da rana, da ƙaramin bulumboti ko sirinji marar allura, suna kife a kan cikinsu kamar yadda suke shan nonon uwarsu. Idan aka kwantar da su rigingine madarar tana iya bi ta huhu. Bayan kowace ciyarwa a shafa musu gindi da auduga mai ɗumi, domin a makonnin farko ba sa fitsari ko kashi sai uwa ta lashe wurin. Ana haihuwarsu da nauyin kimanin giram 100, kuma mai lafiya yakan ƙara giram 10 zuwa 15 a kullum. Wanda nauyinsa ya tsaya cik na kwana biyu yana bukatar likita.

Idan akwai kyanwa mai shayarwa a unguwar wadda 'ya'yanta ba su fi waɗannan girma ba, sau da yawa takan karɓe su, kuma hakan ya fi duk wata dabarar ɗan Adam.

Yaushe ya dace a bayar da su?

Kada a bayar kafin su cika mako 8, kuma idan hali ya yi a kai su mako 12. Kuskuren da ya fi yawa a garuruwanmu shi ne rabar da su da zarar sun fara yawo a tsakar gida, a mako 4 ko 5, saboda a lokacin ne suka fi ban sha'awa kuma masu so suka fi yawa. Amma yaye bai cika ba a wannan lokaci, garkuwar jikinsu ba ta yi ƙwari ba, kuma a cikin makonnin nan ne suke koyon sassauta cizo da yaƙushi ta hanyar kokawa da 'yan'uwansu. Wasu daga cikin kyanwoyin da ake kuka da su cewa suna cizon yara an raba su ne da uwa da wuri.

Akwai kuma wani lokaci da bai kamata mai riƙo ya yi sakaci da shi ba, wato tsakanin mako 2 zuwa 7. Ɗan kyanwar da aka riƙa ɗauka a hankali a wannan tsakani, ya saba da hannun mace da na namiji, da hayaniyar yara, da ƙarar turmi da ta janareta, shi ne yake zama a kowane gida ba tare da firgita ba. Wanda ya wuce wannan lokaci bai taɓa jin hannun mutum ba, sabonsa da mutane yakan yi wuya ƙwarai.

Wane aikin likita ne ya kamata a yi kafin a miƙa ta?

Da farko a keɓe sabuwar tsintuwa daga sauran dabbobin gida na tsawon mako 2. A cikin wannan lokaci likitan dabbobi zai ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma, ya duba idanu da hanci da fata, musamman makero, wanda ke saurin kama yara. Allurar rigakafi ta farko, wadda ta haɗa cutar da ke karya garkuwar jiki tare da sa amai da zawo da kuma cututtukan murar kyanwa guda biyu, ana yinta ne a mako 8 ko 9, a maimaita bayan mako 3 zuwa 4. Ta haukan kare kuma daga mako 12.

Ba sai an je asibiti mai tsada ba. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan biranen jihohi, akwai kuma asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. A nemi katin rigakafi, a miƙa shi tare da kyanwar.

Abin da ya wajaba a gaya wa duk wanda zai karɓa, da baki kuma a maimaita masa, shi ne cewa farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka ma maganin kaska na karnuka mai sinadarin famitirin, da maganin ƙwari irin su Sniper da wasu ke shafa wa dabba don kashe ƙuma. Albasa da tafarnuwa kuma suna lalata mata jini, saboda haka ragowar miya ba abincinta ba ne.

Lallai ne sai an yi mata aikin hana haihuwa?

A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi sauran nauyi, domin a kanta ne yawancin gidajen da aka ɗauka na dindindin ne suke warwarewa. Macen kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4. Cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne, takan haifi 4 ko 5 a lokaci guda, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Gidan da ya karɓi 'yar kyanwa guda da murna a farkon damina yana iya wayar gari da guda 10 kafin shekara ta zagayo, kuma daga nan ne maigida kan ce a zuba su a buhu a kai kasuwa. Ke nan wanda ya ceto guda ɗaya ya bayar ba tare da wannan aiki ba, ya shirya wa kansa wasu tsintattun ne a baɗi.

Muzuru ma haka. Wanda ba a yi wa fiɗiya ba yakan fesa fitsari mai wari a bango da labule, ya kwana yana kuka da faɗa a kan katanga, ya dawo da raunuka masu ɗurar ruwa, kuma ta hanyar cizon faɗa ne wata cutar da ke karya garkuwar jikin kyanwoyi take yaɗuwa a tsakaninsu. Daga ƙarshe ya bi mace ya ɓace, ko mota ta take shi.

Aikin tiyata ne da likita ke yi bayan ya sa dabbar barci, a cire wa mace mahaifa da ƙwai, a cire wa namiji 'ya'yan maraina, kuma an fi so a yi shi a wajen wata 4, kafin barbara ta farko. Ba a yi wa muzuru dandaƙa irin ta bunsuru a gida. Allurar tsarin iyali da wasu ke yi wa macen kuma tana jawo ruɓewar mahaifa da ƙari a nono. Ta fuskar addini malamai sun yi saɓani a kan fiɗiyar dabbar da ba a ci, amma da dama daga cikin malaman zamani sun halatta ta idan akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, ya kuma bayyana masa abin da ke faruwa da 'ya'yan da aka haifa babu mai so. Idan kyanwar ta yi ƙanƙanta a lokacin bayarwa, a tsayar da ranar aikin tare da sabon mai ita, a kuma amince a kan wanda zai biya.

Ta ina ake samun masu so?

A Ingila ƙungiyoyi ne ke wannan aiki, irin su gidan dabbobi na Battersea da aka kafa a 1860 da Cats Protection da aka kafa a 1927, suna da ɗakunan ajiya da ma'aikata da takardun cikewa. A nan kuwa galibi ɗaiɗaikun mutane ne ke yi da aljihunsu, don haka jarin mai riƙo shi ne sanayya. A fara da dangi da maƙwabta da abokan aiki, domin su ne za a iya leƙawa daga baya. A gaya wa likitan da ya yi rigakafin, tunda masu son kyanwa wurinsa suke zuwa. Sai kuma WhatsApp da Facebook, inda hoto mai haske da aka ɗauka da rana, an durƙusa daidai tsayin kyanwar, yake yin aikin da dogon rubutu ba ya yi.

A faɗi gaskiya a sanarwar. Idan tana tsoron yara, ko tana kama 'yan tsaki, ko ido ɗaya gare ta, a rubuta. Aibin da aka ɓoye shi ne zai sa a dawo da ita, ko ma a jefar da ita ba tare da an sanar ba.

Yaya zan gane gidan da zai riƙe ta da gaske?

Ba a gane shi da girman gini. Tambaya ta farko ita ce ko kowa a gidan ya yarda. Sau da yawa yaro ne ko budurwa ke zumuɗin karɓa, alhali maigida bai sani ba, uwargida kuma, wadda a ƙarshe ita ce za ta riƙa ba ta abinci da share ƙazantarta, ba ta so. A nemi jin ta bakin waɗannan biyun kai tsaye. Idan gidan haya ne a tambaya ko mai gidan da sauran 'yan haya sun amince. Idan akwai tattabaru ko 'yan tsaki a gidan ko a maƙwabta a tattauna yadda za a kare su tun kafin rigima ta tashi, domin kyanwoyi da yawa sun mutu da guba a kan tsako guda.

Tambaya ta biyu, wadda takan bayyana abubuwa da yawa, ita ce: kun taɓa riƙe kyanwa, kuma ina take yanzu? Wanda ya ce tasu ta tsufa ta mutu a gida ya bambanta da wanda ya ce sun yi uku duk sun ɓace.

Sai batun tsawon lokaci. Kyanwar da ake kula da ita takan kai shekara 12 zuwa 15, wasu har su haura haka. Ɗalibin da ke ɗakin kwanan makaranta, da mai hidimar ƙasa da zai bar garin bayan shekara, da budurwar da aka sa wa ranar aure, duk suna iya zama masu tausayi na gaske, amma a tambaye su wa zai gaje ta idan sun tashi. Idan da hali, mai riƙo ya kai kyanwar da kansa ya ga gidan, ya duba ko akwai rijiya a buɗe, da inda za ta fake daga rana da ruwa, da inda za a ajiye mata kaskon yashi.

Wanda ya ce don ɓera kawai yake so, a ba shi?

Babu laifi a wannan dalili, domin tun asali ɓeran rumbu ne ya haɗa mutum da kyanwa. Sharaɗi ɗaya ne, wato ya ciyar da ita kullum, ya kuma ajiye mata ruwa. Ra'ayin cewa idan aka bar ta da yunwa za ta fi kama ɓera kuskure ne: farauta ɗabi'arta ce ko ta ƙoshi, mai jin yunwa kuwa buɗe tukunya take koya, ko ta koma gidan da ake ba ta. Nama ne abincinta na asali, saboda haka tuwo da shinkafa zalla ba sa riƙe ta sai an haɗa da kifi, ko dafaffen ƙwai, ko kayan ciki. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ya isa tunatarwa ga mai sito da ke kulle shago ranar Alhamis ya dawo Asabar. Dole kuma a daina sa maganin ɓera a wurin, tunda ɓeran da ya ci guba yana iya kashe kyanwar da ta cinye shi.

A bayar kyauta ko a karɓi kuɗi?

Akwai hadisin Jabir a cikin Sahihu Muslim da ya yi hani ga kuɗin kyanwa, ko da yake mafi yawan malamai sun halatta sayar da ita, suka ɗauki hanin a matsayin karhanci. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce kada a sa wa kyanwar farashi, amma a nemi mai karɓa ya ɗauki wani kaso na kuɗin rigakafi ko na tiyata. Wanda ya ƙi biyan kuɗin allura guda yau, da wuya ya kai ta asibiti gobe. A yi hattara da baƙon da ya ce a ba shi duk nawa ake da su ba tare da ya tambayi komai a kansu ba, domin akwai masu cin namanta, akwai kuma masu nemanta don tsafi.

An ce tsintacciyar mage ba ta mage. Babbar kyanwa za ta zauna a sabon gida kuwa?

Za ta zauna idan aka bi matakan, kuma abin da ya jawo mata wannan suna shi ne yadda ake karɓarta. Kyanwa da muhalli take fara sabo kafin ta saba da mutum, kuma da ƙamshi take gane wurinta. Idan aka sauke ta a tsakar gidan da ba ta sani ba, yara suka kewaye ta da ihu, katanga za ta haura ta nufi inda ta fito, sai a ce ba ta da amana. A kai ta a cikin kwando mai murfi ko kwali mai huji, tare da tsumman da ta saba kwanciya a kai. A sa ta a ɗaki guda mai ƙofa, da abinci da ruwa a gefe ɗaya, kaskon yashi a ɗaya gefen. Tana iya shigewa ƙarƙashin gado ta yi kwana 2 ko 3 ba ta fitowa sai dare ya raba. Kada a jawo ta. Kada kuma a bar ta ta fita waje sai bayan mako 3 zuwa 4, kuma fitar farko ta kasance kafin lokacin cin abincinta, domin ta dawo da kanta. Idan ta fara goga kumatunta a ƙafar gado da bakin ƙofa, ta karɓi gidan ke nan.

Babbar kyanwa tana da fa'idar da ƙarama ba ta da ita, wato an riga an san halinta. Ga dattijuwar da ke son abokiyar zama mai natsuwa, ita ce ta fi dacewa.

Mutane suna gudun baƙar kyanwa, wasu kuma suna tsoron cuta. Me za a ce musu?

Launin gashi gado ne kawai, kuma uwa ɗaya takan haifi baƙa da fara da mai zane a ciki guda. Amma wanda ya yi imani cewa baƙar mage aljana ce, kada a matsa masa ya karɓa, domin kyanwar ce za ta sha wahalar tsoronsa. A kan tsarki kuma, hadisin Abu Ƙatada da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya bayyana cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakanin mutanen gida.

Batun lafiya yana da gaskiyarsa. Wasu mutane jikinsu ba ya jituwa da wani sinadari da ke cikin yawunta da fatarta, ya sa su atishawa ko ya tayar musu da asma, don haka gidan da ke da mai asma ya gwada zama kusa da kyanwa kafin ya yanke shawara. Mai juna biyu ba sai ta rabu da kyanwarta ba, amma wani ya riƙa kwashe kashin kullum, saboda ƙwayar cutar da ke iya cutar da ɗan tayi ba ta zama mai kamuwa sai kashin ya yi kwana 1 zuwa 5. Cizo ko yaƙushin kyanwar da ba a san tarihinta ba kuwa, a wanke shi da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Karnuka ne ke jawo kusan kashi 99 cikin 100 na haukan kare da ke kama mutane, amma kyanwa ma tana ɗauka.

Wadda ta girma a titi, ba ta yarda a taɓa ta, ita ma a nema mata gida?

Ba kowace kyanwa ce ke bukatar ɗaki ba. Wadda ta girma ba ta san hannun mutum ba, tsare ta a gida azaba ce gare ta da masu gidan. Abin da ake yi a birane irin su Istanbul na Turkiyya shi ne a kama ta, a yi mata tiyata da rigakafi, a yi mata alama a kunne domin kada a sake kama ta, sannan a mayar da ita inda take, mutanen unguwa su ci gaba da ba ta abinci. Idan wurin nata ya zama haɗari, gona ko sito mai mai kula ya fi mata falo.

Idan gidan bai yi ba fa?

A faɗa tun ranar bayarwa, a gaban manyan gidan, cewa duk ranar da suka gaji ko suka tashi ƙaura su dawo da ita, babu jin kunya kuma babu tuhuma. Mutane da yawa suna jefar da kyanwa ne saboda nauyin fuskantar wanda ya ba su. A kira bayan kwana 3 a ji ko tana ci, a sake kira bayan mako 2, sannan a lokacin allura ta biyu da ranar tiyata. Yawancin ƙorafin makonnin farko suna da magani mai sauƙi: wadda ke kashi a bayan kujera galibi yashinta ne ya ƙazantu ko an ajiye shi kusa da abincinta, wadda ke yagar katifa kuma guntun katako ko tsohuwar tabarma take bukata ta wasa farce. Idan duk da haka aka dawo da ita, a sake keɓe ta na 'yan kwanaki, a tambayi masu gidan dalla-dalla abin da ya faru, a rubuta shi a cikin sanarwa ta gaba domin mai karɓa na biyu ya san abin da zai tarar.